Wasannin Sanda da Ƙwallo a Tsofaffin Littattafan Karatun Yara na Ingila da Amurka: Amsa ga Wani Malami

Wani malamin makaranta ya aiko da tambaya cewa ya ci karo da hoton shafin wani tsohon littafin koyon karatu da aka buga a Amurka wajen shekarun 1840. A shafin akwai zanen yara maza a fili, ɗaya riƙe da sanda, ɗaya yana shirin jefa masa ƙwallo, sauran kuma suna tsaye nesa kaɗan. Yana so ya san ko wasan besbol ne ake nunawa, wato wasan Amurkawa da ake buga ƙwallo da sanda a yi gudu daga wuri zuwa wuri, tun yaushe irin waɗannan wasanni suka fara shiga littattafan yara, kuma ko mai bincike zai iya kafa hujja da su.

Malam, ana kafa hujja da su, har ma da su aka rushe wani labarin ƙarya da Amurkawa suka daɗe suna riƙe da shi game da asalin besbol. Sai dai hujjar tasu tana da iyaka, domin waɗanda suka wallafa littattafan ba tarihin wasa suka zauna rubutawa ba. Burinsu shi ne yaro ya koyi haruffa, ya koyi ladabi, uban yaron kuma ya ciro kuɗi ya saya. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai amfana da littattafan ƙwarai, wanda kuwa ya ɗauki kowane zane tamkar hoton kyamara zai yi ta tafka kuskure.

Littafin makaranta mai hotuna da ya fara shahara a Turai shi ne Orbis Sensualium Pictus na John Amos Comenius, wanda aka buga a birnin Nuremberg na Jamus a 1658, Charles Hoole kuma ya mayar da shi Turanci a 1659. Manufarsa koyar da Latin ce ta hanyar nuna wa yaro hoton abu tare da sunansa, kuma a cikinsa akwai darasi kan wasan tanis da wani kan wasannin yara maza, inda aka ambaci buga ƙwallo da sanda mai lanƙwasa don ta wuce ta cikin zobe. Wannan bai kai ga wasan da muke magana a kai ba, domin babu mai jefawa, babu kuma gudu daga wuri zuwa wuri, amma ya nuna cewa tun ƙarni na 17 an samu malamin da ya ga wasan yara ya cancanci shiga littafi. A ɗaya ɓangaren kuma, littafin da ya mamaye makarantun Turawan da suka zauna a arewa maso gabashin Amurka tun wajen 1690, wato New England Primer, ba shi da wurin wasa ko kaɗan. Da labarin zunubin Annabi Adamu yake buɗe haruffa, kuma a harafin F abin da yake gaya wa yaro shi ne malalacin ɗalibi bulala yake sha a makaranta. Mutanen da suka yi wannan littafi tarbiyyarsu ɗaya da Gwamna William Bradford na mazaunin Turawa na Plymouth a Amurka, wanda a ranar Kirsimeti ta 1621 ya tarar da wasu sababbin zuwa suna wasan ƙwallon kujera (wanda ake kare kujera daga ƙwallon mai jefawa) a kan titi alhali sauran jama'a suna aiki, ya ƙwace kayan wasan.

Abin da ya sauya lamarin shi ne ra'ayin da masanin falsafar Ingila John Locke ya bayyana a littafinsa na tarbiyya na 1693, cewa yaro ya fi saurin koyon karatu idan aka mayar masa da shi kamar wasa. Wani mai sayar da littattafai a Landan, John Newbery, ya ga akwai ciniki a wannan ra'ayi, sai a 1744 ya fitar da A Little Pretty Pocket-Book. A nan ya kamata mu daɗe, domin shi ne tushen maganar duka. Ɗan ƙaramin littafi ne da ake sayarwa sisi, idan kuma mai saye ya ƙara kwabo biyu sai a haɗa masa da ƙwallo in yaron namiji ne, ko ɗan matashin soka allura in mace ce. Kowanne daga cikin kayan nan biyu rabinsa ja ne rabinsa baƙi, kuma an umarci mai reno ta riƙa soka allura a ɓangaren ja idan yaro ya yi abin kirki, a ɓangaren baƙi idan ya yi laifi. Ka ga ke nan ita kanta ƙwallon da aka ba yaro kyauta allon lissafin halinsa ce.

An tsara shafukan wasanni na littafin bisa haruffa, babban harafi da ƙaramin harafi kowanne da wasansa, kuma kowane shafi yana ɗauke da zane, da baiti huɗu da ke bayyana wasan, da wasu baitocin da ke ciro darasi daga cikinsa. A nan ne aka samu kurket, da ƙwallon kujera, da ƙwallon tarko, da wasan buga guntun itace, kuma a shafin ƙaramin harafin k aka samu wasan da aka sa wa suna base-ball, wanda shi ne ambaton wannan suna mafi daɗewa da aka sani a cikin littafi. Ma'anar baitocin ita ce da zarar an buga ƙwallo sai yaro ya sheƙa zuwa turke na gaba, daga nan ya dawo gida cikin murna. Darasin da aka liƙa masa kuwa shi ne haka mutanen Birtaniya suke ƙetare teku neman riba su komo gida da farin ciki, wanda ya nuna maka irin yaron da ake rubuta wa littafin: ɗan ɗan kasuwa, wanda ake fata shi ma zai gaji fatauci.

Zanen shafin ya fi baitocin jawo muhawara. Yara uku ne sanye da doguwar kwat da hula mai kusurwa uku, da turaku uku a kafe a ƙasa, ɗaya daga cikin yaran yana shirin jefa ƙwallo, amma babu sanda a hannun kowa. Wasu masana sun fahimci cewa a wancan lokaci da tafin hannu ake bugun ƙwallon, kuma wannan fahimta tana da ƙarfi, domin ƙwallon mai laushi ce kuma yara ƙanana ne ke wasan. A ganina abin da zanen ya tabbatar bai wuce abu biyu ba: akwai mai jefawa, kuma akwai turakun da ake gudu a tsakaninsu. Ya kamata kuma a san cewa babu kwafin bugun farko na 1744 da ya tsira. Mafi daɗewa da ake da shi na 1760 ne, kuma kwafin da aka fi yaɗa hotonsa a intanet shi ne wanda Isaiah Thomas ya buga a garin Worcester na jihar Massachusetts a 1787. Littattafan yara ba sa daɗewa, domin masu su yara ne, kuma yaro ba ya barin littafin da yake so sai ya yage.

Akwai shaidu daga wajen littafin da suka ƙarfafa shi. A 1748 wata mai faɗa-a-ji a fadar Ingila, Lady Hervey, ta rubuta a wata wasiƙa cewa iyalan Yarima mai jiran gadon Ingila suna wasan base-ball, ta kuma ce wasa ne da duk wanda ya taɓa zama ɗan makaranta ya san shi. A 1755 wani saurayi mai suna William Bray, wanda daga baya ya zama lauya a yankin Surrey, ya rubuta a kundin ajiyarsa na yau da kullum cewa ya yi wasan tare da samari da 'yan mata a ranar Litinin ta bikin Ista. Marubuciyar Ingila Jane Austen ma, a littafinta na Northanger Abbey da ta rubuta a ƙarshen shekarun 1790 aka buga a 1817, ta ce jarumar labarin tana da shekara goma sha huɗu ta fi son kurket da base-ball a kan karatu. Waɗannan shaidu sun tona wani aibi na littattafan yara, wato kusan kullum maza kaɗai suke zanawa a filin wasa, alhali a Ingila 'yan mata sun yi wannan wasa sosai, ƙwallon kujera kuwa har yau mata ne suka fi riƙe da ita a yankin Sussex. Mai wallafa yana zana abin da iyaye suke so su gani ne, kuma iyayen zamanin sun fi son ganin 'yarsu da allura a hannu.

Tunda tambayarka ta shafi gane wasan da ke cikin zane, bari in bayyana waɗanda aka fi samu. A ƙwallon kujera ana ajiye kujera marar majingina, mai jefawa yana ƙoƙarin ya sami kujerar da ƙwallo, mai tsaro kuma yana kare ta da hannu ko da ɗan faffaɗan katako. A ƙwallon tarko babu mai jefawa sam: akwai wani ɗan akwatin katako mai siffar takalmi a ƙasa, da ɗan maɗauki a cikinsa, mai bugu ya ƙwanƙwasa bakin maɗaukin sai ƙwallo ta yi tsalle sama, ya maka mata sanda kafin ta faɗi. A wasan da Turawa ke kira tip-cat ba ƙwallo ake bugu ba, guntun itace ne da aka fiƙe bakinsa biyu, a bugi gefe ɗaya ya tashi, a sake bugunsa a iska. Kurket kuwa ana gane shi da sandunan da ake kafawa a bayan mai bugu, kuma siffar kayan tana taimakawa wajen ƙiyasta zamani, domin kafin shekarun 1760 ana mirgino ƙwallo a ƙasa ne, don haka sandar bugu mai lanƙwasa ce a ƙasanta, sandunan baya kuma biyu ne har zuwa wajen 1775 da aka ƙara na uku. Shi ma kurket wasan yara ne tun asali: shaida mafi daɗewa a kansa ita ce ta John Derrick, wanda ya faɗa a gaban kotu a Guildford a 1598 cewa shi da abokansa sun yi wasan a wani fili lokacin da suke 'yan makaranta, kimanin shekara hamsin kafin ranar.

A cikin wasannin littafin Newbery akwai ɗaya da ya iso ƙasar Hausa ya zauna, wato Fives, wanda ake buga ƙwallo da hannu a jikin bango. Malaman Turawa ne suka kawo shi makarantun Arewa a shekarun 1920, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina, kuma har yanzu ana yin sa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Ba wasan sanda ba ne, amma hanyar da ya bi ita ce hanyar da 'yan'uwansa suka bi, daga filin makaranta zuwa hannun manya.

Baiti huɗu ba sa koyar da dokar wasa, saboda haka wanda ke neman yadda ake yin sa dole ya koma wani rukunin littattafai, wato waɗanda aka rubuta musamman don bayanin wasanni. Abin mamaki, bayani mafi daɗewa na dokokin base-ball na Ingila da Jamusanci aka yi shi. Johann Christoph Friedrich GutsMuths, malami a makarantar Schnepfenthal, ya wallafa littafin wasanni a 1796, ya kuma bayyana wasan da ya kira base-ball na Ingilishi: sanda mai tsawon kimanin ƙafa biyu mai faffaɗan baki, mai jefawa yana tsaye taku biyar ko shida daga mai bugu yana lilo masa ƙwallo a hankali, mai bugu yana da dama uku, adadin wuraren tsayawa kuma ya danganta da yawan 'yan wasa. Ana fitar da mai gudu ta hanyar jifansa da ƙwallo a jiki yana tsakanin wuri da wuri. A 1828 William Clarke ya fitar da The Boy's Own Book a Landan, inda aka bayyana wasa mai kama da wannan da sunan rawundas, da duwatsu ko turaku huɗu da aka jera tsakaninsu yadi goma sha biyu zuwa ashirin, kuma mai bugu yana fita idan ya kuskure sau uku ko aka cafe ƙwallonsa. An sake buga littafin a Boston a 1829. Bayan shekara biyar, a 1834, Robin Carver ya fitar da The Book of Sports a Boston ɗin, ya kwashe bayanin Clarke kusan kalma da kalma, ya canza sunan wasan kawai zuwa wanda yaran Amurka suka sani, wato base ko goal ball, ya haɗa da zanen yara suna wasa a babban filin tsakiyar birnin.

Wannan kwafe da Carver ya yi yana koyar da abu biyu masu karo da juna. Yana nuna cewa a idon mutumin Boston na 1834, wasan da yaran garinsu ke yi da wanda yaran yammacin Ingila ke yi abu ɗaya ne, in ba haka ba da bai ɗauki bayanin wani ya ɗora wa wani ba. Yana kuma nuna cewa abin da ka karanta a littafin Amurka game da nisan turaku ko adadinsu mai yiwuwa a Landan aka auna shi, ba a Boston ba. A lokacin babu yarjejeniyar haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashen biyu, saboda haka masu ɗab'i na Amurka suna kwasar littattafan Ingila yadda suka ga dama.

Da waɗannan littattafai ne Robert W. Henderson, ma'aikacin babban ɗakin karatu na birnin New York, ya ƙaryata labarin asalin besbol da na ambata tun farko, wato labarin Doubleday. A 1905 Albert Spalding, tsohon ɗan wasa kuma attajirin kayan wasanni, wanda bai ji daɗin ikirarin marubuci Henry Chadwick cewa besbol daga rawundas ya samo asali ba, ya sa aka kafa kwamiti ƙarƙashin Abraham Mills. A ƙarshen 1907 kwamitin ya yanke cewa Abner Doubleday ne ya ƙirƙiro wasan a garin Cooperstown a 1839, bisa wasiƙun wani dattijo guda mai suna Abner Graves, alhali a wannan shekara Doubleday yana makarantar soja ta West Point. A 1939, shekarar da aka buɗe gidan tarihin besbol a Cooperstown, Henderson ya wallafa maƙala da ke nuna dokokin a littattafan Clarke da Carver, waɗanda duk sun girmi 1839, sannan ya faɗaɗa binciken a littafinsa Ball, Bat and Bishop na 1947. A 2005 David Block ya ƙara gyara a Baseball Before We Knew It, inda ya nuna cewa shi ma Chadwick bai cika daidai ba, tunda sunan base-ball ya bayyana a rubuce shekara tamanin da huɗu kafin sunan rawundas. Abin da ya fi dacewa da shaidun shi ne dukansu biyu rassa ne na tsohon wasan yaran Ingila.

Yanzu sai littattafan aji na ainihi, irin wanda ka gani. A ƙarni na 19 makarantun Amurka sun cika da jerin littattafan karatu mataki-mataki, mafi shahara su ne na William Holmes McGuffey da aka fara bugawa a Cincinnati a 1836. Darussan farko na irin waɗannan littattafai da kalmomi masu gaɓa ɗaya ake gina su, kuma an yi dace sunayen sanda da ƙwallo da gudu da bugu a Turanci duk gajeru ne, don haka wasan ƙwallo ya zama abin da marubuci ke kai hannu gare shi idan yana neman jimla mai sauƙi da yaro zai so. Saboda wannan dalili ne darasin ba ya faɗin sunan wasan ko dokarsa. Marubucin kalma yake nema, kuma kowane irin wasa ya ishe shi. A matakai na gaba wasan yakan zo a matsayin mafarin wa'azi: yaron da ya fasa gilashin tagar maƙwabci ya je ya faɗi gaskiya, ko wanda ya bar darasi ya tafi fili ya ji kunya a gaban malam, ko wanda ya yi wasa ranar Lahadi. Maganar taga ba ƙirƙira ba ce, domin a 1791 garin Pittsfield na Massachusetts ya kafa dokar hana wasannin ƙwallo, har da besbol da sunansa, a cikin yadi tamanin daga sabon ɗakin taron garin, don kare gilasan tagoginsa.

Babbar matsalar ita ce zanen. A wancan zamani ana sassaƙa hoto ne a kan guntun katako, a shafa masa tawada a danna a takarda, kuma sassaƙa tana da tsada, shi ya sa maɗaba'a takan ajiye katakon ta yi ta amfani da shi shekara da shekaru, ta sayar wa wata ko ta ara mata. Zane ɗaya yakan fito a littafin wasanni da sunan wani wasa, ya sake fitowa a littafin karatu a ƙarƙashin darasin da bai ambaci wasa ba, ya kuma fito a ɗan littafin kwabo da wani suna daban. Wasu zanukan ma kwaikwayon na Ingila ne, shi ya sa za ka ga yaran da aka ce na Amurka ne sanye da tufafin da aka daina yayi shekara talatin kafin a buga littafin. Mai sassaƙar kuma ba lallai ne ya taɓa tsayawa ya kalli wasan da kyau ba, yana iya rage yawan yara ko ya matso da su kusa don su shiga ɗan filin da aka ba shi a shafi.

Game da naka zanen, fara da duba bayan mai bugu da ƙasan ƙafarsa. Idan akwai sanduna a kafe a bayansa, kurket ne. Idan akwai ɗan akwati a ƙasa, ƙwallon tarko ce, ko da an zana wani yaro a gabansa. Idan babu ko ɗaya, kuma ana ganin turaku ko duwatsu a warwatse da yara tsaye a kansu, to yana cikin dangin besbol, amma ba besbol na yau ba ne. A shekarun 1840 yaran Amurka suna yin nau'o'i da yawa, daga wanda yara uku ke yi da wurin tsayawa ɗaya, zuwa na garuruwan Massachusetts mai fili murabba'i da ake jifan mai gudu da ƙwallo, wanda sai a 1858 aka rubuta dokokinsa a Dedham. Dokokin ƙungiyar Knickerbocker ta New York, waɗanda suka hana jifan mai gudu, a 1845 aka rubuta su, kuma na manyan maza ne 'yan birni; sai bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 salon New York ya game ƙasar har ya kai filayen makarantun ƙauye. Sannan ka nemi shafin farko na littafin ka gwama shekarar da ke ƙasan sunan maɗaba'a da shekarar rajistar haƙƙin mallaka da ke bayan shafin, domin littattafan makaranta ana maimaita buga su da faranti ɗaya na tsawon shekaru, kuma sau da yawa shekarar da ke bango ta fi ta rubutun da ta zanen ƙuruciya nesa ba kusa ba.